Muryar Kawu ga masu tambaya kan zane

Salamu alaikum jama'ar gurup. Ɗiyata, na ji saƙonki, kin ce kina son zane amma ba ki san ta ina ake farawa ba, kuma gida ana ce maki ba a cin abinci da shi. To saurara, ku ma sauran ƴan lakkwal ku kasa kunne.

Farko dai zane aikin ido ne, hannu daga baya yake biyowa. Ki ɗauki tulu ki aje a tsakar gida da hantsi, ki zauna da fensir da takarda. Kar ki zana tulun da ke cikin kanki, ki zana wanda ke gabanki. Duba ta ina rana ke bugunsa, ta ina duhu ya fara. Za ki ga inuwar ba baƙi ɗaya ba ce, tana da hawa-hawa, kuma can ƙasan cikinsa akwai ɗan haske da ƙasa ke maido masa. Ranar da idonki ya kama wannan ɗan hasken, tulunki zai daina zama faifai, ya yi ciki. Layi, siffa, haske da inuwa, a nan duk suke. Sai gwaji: miƙe hannu, rufe ido ɗaya, auna da fensir, tsayin wuyan sau nawa zai shiga cikin jikin.

Launi kuwa, a fenti ja da rawaya da shuɗi su ne iyaye, shuɗi da rawaya su ba ki tsanwa. Amma ku masu aiki da waya ku kiyaye: allon waya da haske yake haɗa launi, injin bugawa da tawada. Shi ya sa tsanwar da ke walƙiya a waya take fitowa a dushe a kan kyalle. A buga ƙaramin gwaji tukuna kafin babba.

Zancen ba a ci da shi, hmm. Ba zan ce maki hanyar shimfiɗe take ba. Mai jiran a sayi hoton bango kawai, zai sha jira. Amma wa ke rubuta allunan shaguna? Wa ke tsara katin aure, da tambarin ƙungiyoyi, da hotunan littattafan yara, da zanen da ƴan lafiya ke nuna wa mata a karkara? Ga ɗinki: Alphadi, mai tsara tufafi, ya kafa FIMA, bikin nuna kayan sawa na Afirka, a 1998 cikin hamadar Agadas. Ga gini: masallacin Yama, nan jiharmu ta Tawa, Falke Barmu ya gina shi da laka, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Marigayi Mustafa Alasan ma, da ya zauna garin nan na Tawa, makanike ne da fari, amma a 1966 ya yi fim na zanen kwaɗi masu motsi, hoto bayan hoto da hannu.

Sai dai karatunki kar ki sake shi, ki samu bak ɗinki, wato takardar gama sakandare. Kuma in an ba ki aiki, ko na dangi ne, a yi ciniki tun farko, ki karɓi rabi a hannu, don "Allah shi yi albarka" ba ya sayen fenti. In kin je Yamai hutu, ki shiga gidan tarihi na Bubu Hama wajen maƙeran azurfa da dukawa, ki tsaya ki ga yadda suke jera ado.

Yanzu dai tulu. Ki zana shi da safe, da azahar, da la'asar, ki turo hotunan nan gurup ranar Juma'a in duba. Ina gaida mamanki.