Tambaya da Amsa: Lasifikar Kunnen da Ba Ta Ƙara wa Sauti Gishiri

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ina godiya ƙwarai da wannan fili mai amfani. Na daɗe ina sauraron kiɗa da waƙa da 'yar lasifikar kunnen da ta zo tare da wayata, yanzu kuma na tara 'yan kuɗi, ba masu yawa ba, ina son in sayi babba wadda za ta ba ni sauti kamar yadda aka naɗe shi, ba ƙari ba ragi. Yawanci a ɗaki nake sauraro da daddare, ta kwamfuta, wani lokaci ta waya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kowane kamfani cewa yake tasa ce mai gaskiyar sauti, wasu mutane kuma sun ce sai na haɗa da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da igiya ta musamman mai tsada. Wace zan saya, kuma ta yaya zan gane ba a yaudare ni ba?

Daga wani mai karatunmu

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da kawar da kai daga rubutun da ke jikin kwali, musamman inda ake cewa lasifika tana fitar da sauti daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz awon kaurin sauti ne ko sirantakarsa: ƙaramar lamba amo mai kauri, babbar lamba siririn amo). Wannan shi ne iyakar abin da kunnen matashi mai lafiya yake iya ji, kuma kusan kowace lasifika, mai araha da mai tsada, tana iya yin wannan iƙirari. Abin da ke bambanta su shi ne ƙarfin da kowace take bai wa kowane sashe na sautin: amon ƙasa mai kauri irin na babbar ganga, da tsakiya inda muryar ɗan'adam take, da siririn amon sama irin na sarewa. Wadda ake kira mai gaskiya ita ce wadda ba ta fifita wani sashe ta danne wani ba.

Akwai wani abu a nan da ke rikita mutane da yawa. Za ka zaci idan aka auna lasifika mai gaskiya, zanen awon zai fito a miƙe sambal kamar an ja layi da rula, amma ba haka ba ne. Idan sauti ya taso daga gabanka a cikin ɗaki, kafin ya isa dodon kunnenka sai ya bugi kai da kafaɗu da fatar kunne, sannan ya bi ta ramin kunne, kuma wannan hanya tana ƙara masa ƙarfi da fiye da desibel 10 (desibel shi ne awon ƙarfin ƙara) a wajen 3,000 Hz. Ƙwaƙwalwa ta saba da wannan ƙari tun haihuwa, shi ne a wurinta sauti na ɗabi'a. Saboda haka idan aka ɗora lasifikar kunne a kan gunkin awo mai makirfo a gurbin dodon kunne, dole mai gaskiya ta nuna tudu a wannan wuri. Wadda ta nuna miƙaƙƙen layi za ka ji muryar mawaƙi a cikinta a dakushe, kamar yana waƙa daga bayan labule mai kauri.

To, wane irin tudu, kuma yaya girmansa? A kan wannan ne Sean Olive da abokan aikinsa na kamfanin Harman da ke Amurka suka yi shekaru suna bincike, suna sa mutane sauraro ba tare da sun san wace lasifika ce a kansu ba. A 2013 suka fitar da ma'aunin da ake kira da sunan kamfanin, suka gyara shi a 2015 da 2018. Sun gina shi ne a kan sautin babbar lasifika mai kyau, irin wadda ake girkewa ba ta kunne ba, a ɗakin da aka shirya domin sauraro, tare da ƙarin amon ƙasa daga wajen 100 Hz zuwa ƙasa, gwargwadon yadda yawancin masu sauraron suka fi so. A ganina, sashen tsakiya na wannan ma'auni abin dogaro ne ƙwarai, amma yawan amon ƙasa magana ce ta dandano, kuma akwai masu kyakkyawan kunne da suke ganin ya ɗan yi yawa. Ka riƙe shi a matsayin mizanin kwatantawa, kada ka ɗauke shi hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Tunda a ɗaki kake sauraro, na fi karkata ga mai buɗaɗɗen baya, wato wadda bayan kofinta raga ce da iska ke ratsawa. Sautin da ke fita ta baya ba ya taruwa ya dawo ya gurɓata na gaba, shi ya sa ya fi sauƙi a sami tsakiya mai tsafta a irin wannan ƙira ba tare da an kashe kuɗi masu yawa ba. Illarta ita ce ba ta tare hayaniyar waje, kuma wanda yake kwance kusa da kai zai ji abin da kake ji. Idan ba kai kaɗai ba ne a ɗakin da daddare, wannan kaɗai ya isa ya mayar da kai ga mai rufaffen baya.

A cikin masu buɗaɗɗen baya, Sennheiser HD 560S, wadda ta fito a 2020, ita ce nake fara ambata wa mai matsakaicin ƙarfi. Tsakiyarta a daidaice take, amon ƙasanta yana sauka da kyau, sai dai wasu kunnuwa suna jin ɗan kaifi a samanta. Idan aljihu ya ɗan ƙara nauyi, akwai yayarta HD 600, wadda ake ƙerawa tun 1997 kuma har yau ake auna wasu da ita wajen fitar da murya. Rauninta sananne ne, amon can ƙasa sosai ba ya da ƙarfi a cikinta, amma soson kunnenta da igiyarta da matashin saman kai duk ana cire su a sa sababbi, abin da ke sa ta yi shekaru masu yawa a hannun mutum. A ɓangaren rufaffu kuwa, AKG K371 ta 2019 tana bin ma'aunin Harman kusa da kusa, kuma waya kaɗai ta ishe ta. Kada kalmar "situdiyo" ta ruɗe ka. Sony MDR-7506, wadda ta cika ɗakunan naɗar sauti tun 1991, tana da kaifi a sama, Beyerdynamic DT 990 ma haka, ita kuma Audio-Technica ATH-M50x tana ƙara kauri a ƙasa. Kayan aiki ne masu daraja, amma ba su ne abin da ka tambaya ba.

Maganar amfilifaya tana da gaskiya a wani wuri, an kuma kambama ta a wani. Abu biyu ake dubawa: turjiyar lantarki, wadda ake aunawa da om, da kuma yawan ƙarar da lasifikar ke bayarwa a kan wutar da aka ba ta. K371 om 32 ce, HD 560S om 120, HD 600 kuma om 300. Ta farko ba ta buƙatar komai, ta biyu yawanci kwamfuta ko ɗan ƙaramin mahaɗin USB-C mai kyau yana wadatar da ita, ta ukun ce ta fi amfana da ƙaramar amfilifaya. Gwajin mai sauƙi ne: idan kana samun ƙarar da ta ishe ka tun ba ka kai madannin ƙarar ƙarshensa ba, kuma ba ka jin tsaki ko shuuu a wuraren da kiɗa ya yi shiru, ajiye kuɗinka. Igiya mai tsada kuwa ba za ta gyara yanayin sautin ba. Wadda ta zo a cikin kwalin ta wadatar muddin ba ta lalace ba. Mafi yawan abin da ka tara ya tafi a kan lasifikar kanta.

Abin da ke canza sauti da gaske, kuma ba sai ka kashe ko sisi ba, shi ne manhajar daidaita sauti, wato ikwalaiza. A kwamfuta mai Windows akwai Equalizer APO, a wayar Android akwai Wavelet, sannan shafin intanet na AutoEq ya tattara awon lasifikoki masu ɗimbin yawa tare da gyaran da ya dace da kowace. Da wannan za ka iya ƙara wa HD 600 amon ƙasan da ta rasa, ko ka rage kaifin wata. Sai dai duk lokacin da ka ɗaga wani sashe, ka rage ƙarar gaba ɗaya daidai da abin da ka ɗaga, don kada sautin ya fashe.

Wajen gwaji da kunnenka, babban tarko shi ne ƙara. Tun 1933 masu binciken sauti Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ya fi jin amon ƙasa sosai idan ƙara ta ƙaru, saboda haka a cikin lasifika biyu, wadda ta ɗan fi ƙara kusan kullum ita za ka ɗauka ta fi kyau. Ka daidaita ƙararsu tukuna kafin ka yanke hukunci. Abin da nake yi shi ne in naɗi muryar wanda na sani sarai yana karanta 'yan layuka, sannan in saurara. Idan muryar ta yi kauri kamar yana magana a cikin tulu, ƙasan ya yi yawa. Idan haruffan "s" da "sh" da "ts" suna tsira kunne kamar allura, saman ya yi yawa. Idan na ji mutumin kamar yana zaune a gabana, na samu abin da nake nema. In kana sa tabarau kuma rufaffiya kake gwadawa, ka danna kofunan biyu da tafin hannu a hankali. Idan amon ƙasa ya dawo da ƙarfi nan take, ƙafar tabarau tana buɗe ƙofar da iska ke zurarewa, kuma a kanka wannan lasifika ba za ta yi sautin da awo ya nuna ba. Ka bar ta a kanka aƙalla rabin awa, domin matsin da ba ka ji a minti 5 na farko shi ne zai hana ka ɗaukarta bayan wata guda. Idan ta hannu za ka saya, ka duba soson kunnen, saboda wanda ya tsufa ya lotse yana canza sauti, kuma farashin sabo ya kamata ya shiga lissafinka. Ka kuma saya a inda aka yarda ka mayar idan ba ta yi maka ba, domin ana yin jabun sanannun samfura.

A kwanakin farko wataƙila za ka ji sabuwar ta yi maka salam, tunda kunnenka ya saba da wadda ke cika amon ƙasa. Ka ba ta mako guda ba tare da ka koma kan tsohuwar ba, kuma kada ka cike giɓin da ƙara murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babban mutum a desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Da mai buɗaɗɗen baya awon yana hannunka: idan wani ya yi maka magana da muryarsa ta yau da kullum daga nisan kamu biyu ba ka ji shi ba, ka rage.