Amsata ga Hajiya Babba kan littafin da ke hannuna

Assalamu alaikum warahmatullah. Hajiya Babba, ina gaishe ki tare da duk 'yan'uwa na wannan zaure, daga nan Makka. Na ji tambayar da kika jefo bayan la'asar, cewa kowace ta faɗi littafin soyayyar da take karantawa da abin da ta gani a cikinsa. Na kuma ji muryar ƙanwarmu ta Jidda da ta ce ita ta daina karanta su domin duk labari ɗaya ne, attajiri ya auri 'yar talaka, kishiya ta tafi wurin boka. Na jinkirta amsa har sai da yara suka kwanta, saboda maganar tana da ɗan tsawo.

Nawa ba bugagge ba ne, irin waɗanda marubuciya ke saki shafi-shafi a waya ne bayan an biya kuɗi an shiga zaurenta. Ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai gyaran da zan yi, kuma ba na son in tozarta baiwar Allah a bayan idonta. Labarin wata malamar firamare ce a Zariya da mijinta tela, kuma abin da ya riƙe ni shi ne ba a cika shi da daɗin baki ba. Akwai wurin da zazzaɓi ya kwantar da ita ana saura kwana uku sallah, lokacin da kowane tela ke kwana a kan keke, sai ya rufe shago ya dawo gida ya dama mata kunun tsamiya. Kunun ya yi gudaji, ta shanye tas ba ta ce uffan ba. Wallahi a nan na ajiye wayar na yi shiru, domin wadda ta rubuta wannan ta san zaman aure. Saboda haka ƙanwata, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Inda muka rabu da marubuciyar shi ne da ta kawo malamar da mijinta Umra. Ta sauke su a Madina, ta sa su a jirgin ƙasan Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, wannan duk daidai ne. Amma sai ta bari suka iso Makka da kayan gida, suka ɗauki harami a ɗakin masauki, alhali wanda ya taso daga Madina da niyyar Umra mikatinsa Zul Hulaifa ne, wurin da muke kira Abyar Ali. Bayan sun ɗauki haramin kuma sai mijin ya fesa mata turare wai don nuna ƙauna, ga shi turare haramun ne ga mai harami. Sa'ayi kuwa sun gama shi cikin minti goma suna hira, alhali tafiya bakwai ce tsakanin Safa da Marwa, sama da kilomita 3, duk wadda ta yi shi da azumi a bakinta ta san yadda ƙafa ke yi. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, domin akwai yarinyar da ba ta taɓa zuwa ba, abin da ta karanta shi za ta ɗauka.

Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne yadda muka fito a labarin. Duk Bahaushen Makka da suka haɗu da shi, ko mai bara ne ko mai tura keken gajiyayyu, a kira shi Takari a wuce zuwa shagon gwal. Na lura littattafai da yawa haka suke yi da garin nan, wurin cin amarci ne da sayen sarƙa, kamar babu Hausawan da aka haifa a nan, suka yi karatu, suka yi aure, aka binne iyayensu a nan.

Ni kuwa kakata da kakana da ƙafa suka zo. Sun taso daga ƙasar Katsina suna sabbin aure, suka bi ta Maiduguri suka ratsa Chadi suka shiga Sudan. Guzuri ya ƙare, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira kusa da Wad Madani, suka zauna a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. A can ta haifi 'ya'ya biyu, ta binne ɗaya. Shekara bakwai suka yi kafin su tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda. Mahaifiyata takan ba mu labarin yadda ƙafar kakata ta kumbura a hanya, kakana ya sayar da rigarsa ta aure ya yi mata hayar jaki, shi kuma ya bi a ƙasa yana riƙe da igiya. Har kakata ta rasu, in aka ambaci rigar nan sai ta rufe fuska da mayafi. Ku gaya mini, wace sarƙar gwal ce ta kai wannan?

'Ya'yana mata suna jin Hausa sarai, amma karatunsu na Larabci ne, ba su iya karanta Hausar boko ba, don haka ni nake karanta musu da dare, ina tsallake abin da bai dace da su ba. Da muka zo wurin Umrar nan, babbar ce ta tsayar da ni ta ce, Umma, ai ba su ɗauki harami ba. Daga nan ta tambaye ni me ya sa ba a taɓa sa irinmu a cikin labari ba, na rasa abin da zan ce mata.

Littafin dai zan ƙarasa shi, saura shafuka kaɗan, kuma na riga na tura wa marubuciyar gyaran mikati a keɓe, cikin ladabi. Hajiya Babba, ke da aka haifa a Mai Wurno, ina roƙon ki ki ba mu naki labarin iyayen a murya. Ni ma ranar Juma'a bayan isha'i zan je wurin mahaifiyata in ɗauki nata daga farko, in Allah Ya yarda, sai mu ga ko a cikinmu akwai mai alƙalamin da za ta rubuta shi. Wassalamu alaikum.