Baiwa da lokacin da manhajar ches mai ƙarfi ke buƙata

Kana tambaya ko sai gwanin ches zai iya rubuta manhajar da ke buga wasan da ƙarfi, da tsawon lokacin da aikin zai ci. Ba sai gwani ba. Sanin dokokin wasan da iya harshen rubuta manhaja kamar C++ ko Rust sun isa. Manhaja mai buga wasa daidai tana samuwa cikin 'yan makonni. In ka ƙara binciken alfa-beta (dabarar neman motsi mafi kyau da ke tsallake hanyoyin da ba za su amfana ba) da teburin adana matsayin da aka riga aka lissafa, cikin watanni za ta doke yawancin 'yan wasa. Kaiwa sahun Stockfish, ɗaya daga cikin manhajojin ches mafi ƙarfi, kuwa aikin shekaru ne, tun 2008 mutane da yawa ke gina shi.

Sharaɗin shi ne ka tabbatar ɓangaren da ke fitar da motsi ba shi da kuskure kafin ka taɓa bincike. Gwada shi da perft, gwajin da ke ƙirga duk hanyoyin motsi da doka ta yarda da su: daga jerin farkon wasa, zurfi 3 (motsi uku a jere) dole ya ba da 8,902, zurfi 5 kuma 4,865,609. In na biyar kaɗai ya saɓa, fara duba cin soja a wucewa (soja ya ci sojan abokin wasa da ya yi taku biyu ya tsaya a gefensa), domin a wannan zurfin yake fara bayyana. Musayar wurin sarki da ruk ba ta fitowa a nan, sai ka gwada matsayin Kiwipete, wani sanannen jerin kayan wasa na gwaji, inda zurfi 3 ke ba da 97,862.