Ina aiki a gidan abinci a Amurka: zan iya hana mai juna biyu giya?

Tambaya: Malam, ina kai wa mutane abinci a tebur a wani gidan abinci a New York. Wata mai tsohon ciki ta nemi giya, na ƙi kawo mata, sai manaja ya ce doka ba ta yarda in hana ta ba. Ina da zunubi idan na miƙa mata?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da tausayin da ka ji wa jaririn nan. Manajanka bai yi maka ƙarya ba. A 2016 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin New York ta bayyana cewa ƙin sayar wa mace giya don tana da ciki nuna wariya ne, alhali tun 1989 dokar Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi ga masu ciki a jikin kowace kwalba.

Sai dai abin da ya tsaya mini a tambayarka shi ne, ita kaɗai ka hana. Wato sauran masu zama a teburan kana kai musu ke nan. A nan hukuncin yake. Hadisin mutum goma da aka la'anta a kan giya ka san shi, mai ɗauko ta da mai shayar da ita suna ciki, kuma bai ware mai ciki da marar ciki ba. Cikin nata ƙarin laifi ne a kan laifi: giya tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi, hantarsa ba ta ƙosa ta tace ta ba, ta taɓa ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta warkewa. Tun 1973 likitoci suka sa wa wannan lalura suna.

Na san za a ce maka Imam Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad al-Shaibani sun halatta irin wannan ciniki da wanda ba Musulmi ba a ƙasar da ba ta Musulunci ba. An ruwaito haka, amma kada ka jingina da shi. Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa, bai bi shi ba, Malik da Shafi'i da Ahmad ma haka. Hadisin da masu halattawar suka dogara da shi mursali ne daga Makhul, wato tabi'i ne ya ruwaito shi daga Annabi (SAW) ba tare da ambaton sahabi ba, Shafi'i ya ce bai tabbata ba. Sannan hujjarsu ita ce an karɓi dukiyar mutum da yardarsa. To, ɗan da ke cikin nan, wa ya nemi yardarsa? Ko a mazhabarsu wannan magana ba ta kai inda kake so ta kai ba.

Mafita tana cikin dokar Amurka ma. Wanda ba ya kai wa kowa giya bai ware mai ciki ba. Dokar haƙƙin jama'a ta 1964 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya sassauta wa ma'aikaci saboda addininsa, matuƙar hakan ba zai ƙuntata wa kasuwancin ba. Ka rubuta buƙatarka, ka nemi a mayar da kai ɗakin girki, kana neman wani aiki da gaske. Kada ka ajiye aiki yau ka bar iyalinka da yunwa, kada kuma ka miƙe ƙafa da sunan lalura.

Ita kuwa matar, kada ka yi mata wa'azi a gaban mutane, ba ka san halin da take ciki ba. Hasafin da aka bar maka saboda giya, ka fitar da shi ga mabuƙata, ba da niyyar sadaka ba.

Wallahu a'alam.