Tsohuwar Jiniya Mai Moto da Sabuwa Mai Lasifika: Wacce Ta Fi?

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa Jamusawa ke sauke tsofaffin jiniyoyinsu na kan rufi alhali suna aiki lafiya lau, suna ɗora masu lasifika, kuma wacce ce ta fi a cikinsu. Kafin ka yanke wa na'ura hukunci, sai ka san yadda take haifar da ƙararta tukuna.

Wadda kake gani da hula kamar laima a kan makarantu da ofisoshin kashe gobara sunanta E57, samfurin shekarar 1957. Moto ne mai ƙarfin kilowat 5, yana cin wuta mai layi uku, kusan irin na injin niƙa. A kansa akwai farfela mai ƙofofi 9 da ke juyawa cikin wani gida mai ƙofofi 9 shi ma. Farfelar na zuƙo iska tana watso ta waje, duk lokacin da ƙofa ta haɗu da ƙofa iska ta fita, in sun saɓa ta tsaya. Moton na juyi kusan 2,800 a minti. Raba wannan da 60, ka ninka da 9, za ka samu ana yanke iska sau 420 a sakan guda. Wannan yankan shi ne muryarta. Hawa da saukan kukan da kake ji kuma ba wata dabara ba ce ta daban: ana ba moton wuta ne ana ɗaukewa, in ya ɗau gudu murya ta hau, in ya lafa ta sauko.

Ina ganin girman wannan na'ura ƙwarai. Babu abin lalacewa a cikinta sai boris, da tsatsa, da kontaktan da ke ba ta wuta, sai kuma tsuntsu in ragar ta yage ya shiga ya yi sheƙa. Akwai waɗanda suka haura shekara 50 a cikin ruwa da ƙanƙara suna nan suna kuka. Ƙararta na kai dasibel 101 (dasibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) a nisan mita 30.

To, a nan ka riƙe lissafi ɗaya da zai yi maka amfani duk tsawon sana'arka. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara na raguwa da dasibel 6. Ke nan 101 ta koma 95 a mita 60, 89 a mita 120, 83 a mita 240, 77 a mita 480. Wannan a filin Allah ne, babu bene babu itace babu hayaniyar motoci. A cikin gari, da tagogin Jamusawa masu gilashi ninki biyu ko uku, mai barci a ɗaki bai samun ko kusa da haka. Saboda haka in mai sayarwa ya karanta maka lambar dasibel, tambaye shi a nisan mita nawa aka auna. Lambar da aka auna a mita 1 da wadda aka auna a mita 30 ba a jera su wuri guda.

Akwai ta biyu, mai aiki da matsattsiyar iska, wadda ake kira HLS. Ana kafa ta a kan doguwar hasumiya, a ƙasa kuma akwai injin dizal da kwamfiresa da tankin iska da batura. Ƙaramin moto ne ke yanka iskar, ƙararta na kai wajen dasibel 130 a mita 30, ana jin ta a nisan kilomita da yawa, kuma ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Sai dai tsada, ga hidimar inji da tanki. Kaɗan aka kafa, yawancinsu ma an sauke. Ka san da ita, amma da wuya aiki ya haɗa ka da ita.

Yanzu ga ainihin amsarka. A zamanin yaƙin cacar baka, Jamus ta Yamma na da jiniyoyi kusan 80,000 a ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Da aka shiga shekarun 1990 tarayya ta janye hannunta, aka sauke da yawa, sauran aka bar wa garuruwa, galibi don kiran 'yan kashe gobara. Ranar 10 ga Satumba 2020 aka yi gwajin gargaɗi na ƙasa baki ɗaya karo na farko bayan haɗewar Jamus, wurare da yawa shiru kake ji, saƙon waya kuma ya makara. Sai ga ambaliyar Yulin 2021, wadda ta kashe mutum sama da 180 a ƙasar, fiye da 130 daga cikinsu a kwarin kogin Ahr. Ruwan ya zo da dare, ya tafi da wutar lantarki da layin waya. A irin wannan dare E57, duk da ƙarfinta, ƙarfe ne kawai a kan rufi. Moton kilowat 5 mai layi uku ba ya tashi da ƙaramin batir, balle a lokacin tashi yana jan wuta ninkin abin da yake ci in ya daidaita.

Mai lasifika ita ta toshe wannan kafa. Babu abin da ke juyawa a cikinta. Allon lantarki ne ke ƙirƙirar sautin, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, ƙahonin aluminiyam su fitar. Daga batir take ci, wutar gari ko sola caji kawai take yi. Kana iya ƙara ƙahoni, ko ka juya su su fuskanci unguwa maimakon daji, wasu ma ana iya magana ta cikinsu. Kuɗin da tarayya ta ware a 2021, kimanin Yuro miliyan 88, an gindaya masa sharaɗin jiniya ta kasance mai batir kuma a iya tayar da ita ta rediyon hukumomin tsaro na TETRA. Wannan sharaɗin ne ya kori tsohuwar, ba wai ta gaza ƙara ba.

Maganar sanarwa da baki kuwa, kada ka ɗora mata buri. Magana ba ta kai inda kuka ke kaiwa, tana dukan gine-gine ta dawo ta cakuɗe. Aikin jiniya ta tayar da mutum, sauran bayani ya samu a rediyo ko waya. Shi ya sa dole ka haddace alamomin: minti ɗaya na hawa da sauka gargaɗi ne, minti ɗaya a miƙe haɗari ya wuce, minti ɗaya da aka yanke sau biyu kiran 'yan kashe gobara ne. Ana gwada na farkon kowace Alhamis ta biyu ta Satumba da ƙarfe 11 na safe.

In ka nemi ra'ayina, sabon aiki mai lasifika zan sa, ba na ko tantama. Amma ka sani an sauya wahala ne. Tsohuwar tana yafe sakaci na shekaru, sabuwar ba ta yafewa. Batir na mutuwa a hankali, zafi da sanyi na cin sa, tsawa na ƙona amfilifaya, ƙaho ɗaya na iya mutuwa wanda ke ƙasa bai gane ba. Don haka in an tura ka dubawa, kada koren fitilar allo ta rufe maka ido. Kashe wutar gari da hannunka, ka auna batir yana ɗauke da kaya, domin mataccen batir ma na nuna cikakken ƙarfin wuta in ba a ɗora masa komai ba. Auna kowane ƙaho daban, duba wayar da ke kai tsawa ƙasa, ka rubuta ranar da aka sa batir a jikinsa. Kuma kafin ka hau kusa da ƙahonin, ka raba ta da batir da rediyon, ka toshe kunnenka, domin daga ofishin da ke nesa ake tayar da ita, wanda ke can bai san kana sama ba.