Kachala, Kainuwa da Baƙuwar Ƙaya: Amsoshin Wasiƙun Manoma

Wani mai noman rani ya rubuto cewa kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta cinye masa rabin fadama, ta toshe hanyar ruwa. Sau uku yana fesa maganin ciyawa, sau ɗaya ya cinna mata wuta, amma kullum sai ta dawo. Yana neman sunan magani mafi ƙarfi.

Malam, ba zan ba ka suna ba, don kuɗin da ka kashe sun isa haka. Wannan tambaya ta sha zuwa, amsar kuma ba ta canzawa. Ganyen da kake ƙonawa ba shi ne ran kachala ba. Ranta yana cikin saiwar da ke kwance cikin laka, kuma ta cikin ganye da kara take jawo iska zuwa ga saiwar. Wuta ba ta kaiwa can, sai dai ta share mata fili ta sake tofowa. Ka sa lauje ka yanke ta ƙasa da saman ruwa, kamar taƙi ɗaya, ka tabbata ruwa ya rufe kututturen har tsawon makonni. Saiwar za ta rasa numfashi ta ruɓe. Idan ta ɗago, ka sake yanka, sau biyu ko uku kafin ta fitar da kai, domin kai ɗaya yana ɗauke da iri sama da dubu ɗari, iska ce ke rarraba shi.

Ka kuma san abin da ya kawo ta. Kachala tana son ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. A dausayin Haɗeja da Nguru ta yi ƙarfi ne bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani. Wuraren kiwo da na kamun kifi suka toshe, tsuntsun jan baki kuma ya samu mafaka yana kai wa shinkafa hari. Aikin mutum ɗaya ba ya maganinta. In maƙwabta ba su fito kun yashe magudana tare ba, iri zai dawo maka daga nasu.

Wata baiwar Allah ta tambaya ko za ta iya sa kainuwa mai shuɗin fure a kududdufin kifinta don inuwa. Hajiya, kada ki kuskura. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, tana ninka kanta cikin kamar mako biyu, ta rufe ruwa ta hana kifi iska, irinta kuma yana shekara 20 a laka bai mutu ba. A Tafkin Victoria har jiragen ruwa ta hana tafiya.

Mai tambayar ko kainuwar da aka kwashe tana yin taki: tana yi, amma ka shanya ta nesa da ruwa har ta bushe ƙarau.

Wani makiyayi kuma ya ce itacen Prosopis, baƙuwar ƙayar da aka dasa don tare hamada, ya mamaye burtali. Dabbobinka ne ke shuka shi, Malam, irin yana fita lafiya lau cikin kashinsu. Ka niƙa 'ya'yan kafin ka ba su, kuma kada ya zama shi kaɗai ne abincinsu, yana lalata wa awaki haƙora. Sara daga sama ba ya kashe shi, sai ka tono kututturen daga ƙasa, ƙananan kuma ka tuge su da damina tun ƙasa na da laushi.