Amsa: Lobeliya ga yaro mai asma

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko za ki ba yaronki lobeliyar da aka sayo miki a kasuwar Kejetia ta Kumasi saboda asma. Don Allah ki dakata.

Tsiron Arewacin Amurka ne, 'yan asalin can sun daɗe suna shan hayaƙin ganyensa don tari da shaƙewar ƙirji. Sai dai tsakanin maganinsa da gubarsa tazarar kaɗan ce. Da idona na ga maƙwabcinmu a Aboabo ya ɗiga fiye da kima a shayi: amai, zufa sharkaf, hannu na karkarwa. Babba ke nan, balle yaro. Mai juna biyu ma kada ta taɓa.

Ki riƙe masa abin shaƙarsa na asibiti, ki kai kwalbar lobeliyar zuwa asibitin Komfo Anokye likita ya duba. Allah ya ba shi lafiya.